Babi na 8: Tayoyi, Inda Jirgi Ke Taka Ƙasa

Mai haɗa ƙananan jiragen sama na filastik yakan ɓata makonni a kan jirgi guda. Ya goge fukafukai, ya cike ramuka, ya zauna da gilashin ƙara girma yana fentin agogunan gaban matuƙi, waɗanda da zarar an rufe murfi ba mai sake ganinsu sosai. Idan aka zo kan tayoyi kuwa, gajiya ta riga ta kama shi, ga ɗokin ganin jirgi ya tsaya da ƙafafunsa. Sai ya tsoma buroshi a baƙin fenti, ya shafa, ya manna. Cikin minti biyar an gama. A ganina nan ne aiki mai kyau ya fi yawan lalacewa. Taya ce kaɗai wurin da jirgi ke haɗuwa da ƙasa, kuma ido yakan gangara can ko mai kallo bai yi niyya ba. Idan ta fito baƙa wuluk, tana ƙyalli, a zagaye cif babu alamar tana ɗauke da nauyi, duk jirgin sai ya koma abin wasan yara, komai kyan fentin da ke jikinsa.

Gyaran wannan ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Abin da yake buƙata shi ne ka san launin roba na gaskiya, ka kuma yanke shawara tun farko a kan ƙasar da jirginka yake tsaye da shekarar da yake ciki.

Launin roba

Danƙon da ake tatsa daga itacen roba fari ne. Tun da Charles Goodyear ya gano a 1839 cewa dafa shi da farar wuta na hana shi narkewa da zafi ko sandarewa da sanyi, aka samu robar da za ta yi aiki, amma ba ta zama baƙa ba. Tayoyin farko farare ne ko masu ruwan toka, saboda farin garin zinki da ake zuba musu. Sai wajajen 1910 zuwa 1912 kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ya fara cuɗa garin kabon mai yawa a cikin robar taya, wani baƙin gari mai laushi dangin kunkunniya, bayan an tabbatar yana ƙara mata ƙarfi da jure gogayya da hasken rana. Yau wannan garin yakan kai kimanin rubu'in nauyin robar taya. Sauyin bai game duniya dare ɗaya ba. Shi ya sa a hotunan Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, za ka ga jirage irin su Sopwith Camel na Ingila da Albatros da Fokker na Jamus da tayoyi masu hasken toka, wasu har suna neman fari. Wanda ya shafa wa jirgin wancan zamani baƙin fenti ya ba shi tayar da ba ta zamaninsa ba.

Ko tayar da aka cika da kabon ba ta daɗewa da baƙinta. Masana'antu na zuba kaki da wasu sinadarai a cikin roba domin kare ta daga tsagewa, kuma waɗannan sinadarai suna tsattsafowa waje sannu a hankali. Idan suka haɗu da iska sai su bar wani dishi-dishi a jikin tayar, wani lokaci toka-toka, wani lokaci ruwan ƙasa. Rana ta ƙara kodar da ita, ƙura ta shige ƙofofinta. Gani ya kori ji: ka je tashar mota ko wurin mai faci, ka ɗora baƙin ƙyalle ko baƙar leda a kan tayar babbar mota, ka ja baya taku biyar ka duba. Za ka ga tayar ta fi ƙyallen haske nesa ba kusa ba, kuma launinta ba ɗaya ba ne daga baki zuwa baki.

Akwai ma jirgin da tayoyinsa ba su da alaƙa da baƙi ko kaɗan. SR-71 na Amurka, jirgin leƙen asirin da ke gudun da ya ninka na sauti sau uku, lokacin da yake aiki jikinsa yakan yi zafi ƙwarai a sama, har da ramukan da ƙafafunsa ke naɗewa ciki. Don haka aka cuɗa garin alminiyom a robar manyan tayoyinsa, suka fito ruwan azurfa. Ana hura musu iskar naitirojin har awo sama da 400, a ma'aunin da tayar ƙaramar mota ke shan 30 zuwa 35. Na kawo shi ne don ka riƙe cewa hoton ainihin jirgin shi ne alƙali, ba al'ada ba. Haka nan wasu jiragen Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu, irin su Bf 109 da Fw 190, ana ganin tayar wutsiyarsu da farin gefe a hotuna da dama.

Sai batun nisa. Idan ka tsaya rabin mita daga jirgin da aka ƙera a ma'aunin 1/48, daidai yake da ka tsaya mita 24 daga jirgin gaske. A ma'aunin 1/72 kuwa mita 36 ke nan. Daga irin wannan nisa, launi mai duhu yakan dusashe a ido, kuma fentinka ya kamata ya kwaikwayi hakan. Amma hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce wannan: idan ka fara da baƙi tsantsa, ka ƙure duhu tun a shafar farko. Ba ka da sauran launin da ya fi shi duhu da za ka zuba a ramukan zanen taya, ko a lungun da roba ta haɗu da wili. Duk ƙananan zane da rubutun da maƙera suka wahala suka fitar sai su nutse, tayar ta koma dunƙule guda. Idan kuwa ka fara da toka mai duhu, kana da wurin sauka, kana da wurin hawa.

Kafin a buɗe gwangwanin fenti

Yawancin kamfanoni, su Airfix da Revell da Tamiya da Hasegawa, suna zuba tayar ne ko dai gaba ɗaya ko ɓari biyu da za ka manna. Ko wanne ne, akwai layin haɗi da ya zagaye tsakiyar tafin tayar, wato fuskar da ke taka ƙasa. Wannan layi dole ya ɓace. Ka kankare shi da bayan wuƙar aiki, sannan ka bi da samfefa mai lamba 400, ka gama da mai lamba 800 ko 1000. Inda zanen tayar ya goge garin kankara, ka mayar da shi da bakin siririn zarto ko tsinin allura. A nan ma sai ka duba hoto, domin zanen ya bambanta. Jiragen Ingila na farkon Yaƙin Duniya na Biyu, masu tashi daga filayen ciyawa, tayoyinsu sumul ne babu zane. P-51 Mustang na Amurka an fi saninsa da zane mai siffar lu'ulu'u. Jiragen zamani kusan duka layuka ne 'yan kaɗan da suka zagaye tayar, domin ruwa ya samu hanyar fita a titin sauka.

Daga nan sai nauyi. Tayar jirgi an ƙera ta ne ta lotsa fiye da ta mota, kusan kashi ɗaya cikin uku na tsayin robarta idan jirgi na ɗauke da cikakken kaya. Saboda haka ƙasanta yakan baje kaɗan, kumatunta su ɗan turo. Ƙaramin jirgin da ke tsaye a kan da'ira cikakkiya yakan yi kama da mai ɗage, kamar iska za ta ɗauke shi. Hanya mafi sauƙi ita ce goge ƙasan tayar a kan samfefar da aka shimfiɗa a teburi. Sai dai a kula da yawan abin da za a cire. Tayar Mustang inci 27 ce, wato kimanin milimita 14 a ma'aunin 1/48, kuma abin da ya kamata ya tafi bai kai milimita ɗaya ba. A 1/72 rabin milimita ya isa. Wasu kan ɗora takardar gashin biredi a kan dutsen guga mai ɗumi, su danna tayar na ɗan lokaci don kumatun su turo. Dabarar tana aiki, amma filastik ba ya ba da sanarwa kafin ya narke, don haka a gwada da tayar da ba a buƙata tukuna.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tayoyin rezin da ake saya daban, na kamfanoni irin su Eduard na ƙasar Cek, suna zuwa da lotsawarsu a shirye, kuma na yanzu suna da kyau ƙwarai. Amma akwai tsofaffin samfura a kasuwa da aka zuzuta kumburinsu har suka zama tayar da ta sace. Babu bakaniken da zai bar jirgi ya tashi da irin wannan taya. Jiragen da ke sauka a kan jirgin ruwa ma sun fi kowa shan iska, saboda dukan da ƙafafunsu ke sha a lokacin sauka, don haka lotsawarsu kaɗan ce. Idan za ka goge rezin, ka jiƙa samfefar da ruwa, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu.

Jirgi irin Bf 109 yana da nasa sha'anin. Ƙafafunsa a buɗe suke, tayoyin kuma a karkace, don haka wurin da ya taka ƙasa ba tsakiyar tafin ba ne. Idan ka goge tayar a hannu za ka baje wurin da bai dace ba. Ka sa tayoyin a ƙafafun ba tare da gam ba, ka tsayar da jirgin a kan samfefa, ka riƙe shi, ka ja takardar a hankali daga ƙarƙashinsa. Kusurwar za ta fito da kanta.

Shafar farko da iyakar wili

Kamfanonin fenti sun daɗe da sanin matsalar baƙi, shi ya sa kusan kowanne yana da launin da ya ware wa roba. Tamiya na da XF-85, Mr. Color na da lamba 137, Vallejo na da 70.306. Mutane da yawa suna amfani da XF-69 na Tamiya ko lamba 9 ta Revell, kuma duk suna bayarwa. Wanda yake zaune inda ba a sayar da waɗannan bai rasa komai ba. Fentin akirilik na masu zane, irin na cikin tiyub, ya wadatar. Ka ɗebi baƙi, ka ɗiga masa fari kaɗan-kaɗan kamar mai sa gishiri a miya, kana gwadawa a kan guntun filastik kana barinsa ya bushe kafin ka ƙara, domin akirilik yakan ƙara duhu idan ya bushe. Sannan ka sa ɗigon ruwan ƙasa. Wannan ɗigon yana da muhimmanci, don baƙi da fari kaɗai sukan ba da toka mai sanyi da ke karkata zuwa shuɗi, wadda ta fi kama da ƙarfe. Roba kuwa launinta da ɗumi. Ƙaramin ma'auni ya fi son haske: abin da ya dace da 1/32 zai yi duhu a 1/72.

Ka soke kowace taya a kan tsinken sakace ta ramin gatarinta, ka kafa tsinken a guntun soso ko kwali. Yatsa ba ya taɓa ta kuma sai an gama.

Abin da ya fi ba sababbin hannu wahala shi ne da'irar da ta raba roba da wili. Layin da ya yi rawa a nan ana hango shi daga ƙofar ɗaki. Mai 'yar bindigar feshi aikinsa ya yi sauƙi: ya fesa wa tayar launin roba gaba ɗaya, ya bar ta ta bushe, ya ɗauko farantin da'irori na masu zanen gini, ya zaɓi ramin da ya yi daidai da wilin, ya toshe na kusa da shi da salatif, ya fesa launin wili ta cikin ramin. Akwai kuma salatif ɗin takarda da ake sayarwa a yanke, daidai da kowane jirgi. Amma ni na fi son hanyar buroshi, kuma ita nake ba kowa shawara ya fara koya, saboda ba ta dogara da wani kaya ba. Ka fenta wilin tukuna ya bushe sarai. Ka tsinka launin roba da ruwa ko tina har ya zama ruwa-ruwa. Ka ɗebo da siririn buroshi, ka taɓa tsininsa a lungun da ke tsakanin leɓen wili da roba. Fentin zai bi lungun da kansa ya zagaye, ba sai ka ja shi ba. Ka juya tsinken, ka sake taɓawa inda ya tsaya. Idan da'irar ta rufe kuma ta bushe, sai ka cike sauran tayar da fenti mai kauri, kana nesa da iyakar. Buroshi a tsaye yake, tsinke ne ke juyawa. Idan wilin ba shi da leɓe mai zurfi, ka zurfafa lungun da allura kafin fenti.

Shafa biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. A lokacin hunturu akirilik yakan bushe a bakin buroshi kafin ya isa tayar. Ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tishu a faranti, ka ɗora takardar gashin biredi a kai, ka dama fentin a kanta, zai daɗe da danshinsa. Da ka gama shafa kuma ka kifa kofi ko kwano a kan tayoyin, kada ƙura ta zauna a ɗanyen fenti.

Ƙasar da jirgi ya taka

Zuwa nan kana da taya mai tsabta, wadda ta dace da jirgin da ke ajiye a gidan tarihi. Jirgin da ke bakin aiki kuwa tayarsa na ɗauke da launin filin da ya tashi. Mustang ɗin da suka yi aiki daga tsibirin Iwo Jima a 1945 sun taka baƙar tokar dutse mai aman wuta. Jiragen wasu tsibiran tekun Fasifik sun taka titunan da aka yi da niƙaƙƙen murjani, ƙurarsu fara fat. A Malta farar ƙurar dutsen alli ce. A Rasha, lokacin narkewar ƙanƙara da lokacin ruwan kaka, taɓo yakan yi yawa har Jamusawa su cire marufan ƙafafun Ju 87 don kada laka ta cushe ta hana taya juyawa. Jirgin da ke zaune a kan jirgin ruwa kuwa ba ya ganin ƙasa, tayarsa sai dai maiƙo da gogewa.

Mu ma muna da namu filin a wannan tarihi, kuma yana ba ni mamaki yadda ba a cika haɗa jiragensa ba. Tun 1925 jiragen DH.9A guda uku na sojan saman Ingila, ƙarƙashin Arthur Coningham, suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Bayan shekara goma sha biyar, da Italiya ta shiga yaƙi a 1940 hanyar Bahar Rum ta yi haɗari, sai Ingila ta koma kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar da yau ake kira Gana. A can ake haɗa su, su tashi ayari-ayari su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Njamena ta yau, su shiga Sudan ta Janaina da Fashir, su isa Hartum, sannan su bi Kogin Nilu zuwa Masar. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940. Jirgin Blenheim mai injin biyu ne kan ja gaba saboda yana ɗauke da mai duba hanya, jiragen Hurricane na biye, daga baya aka ƙara da su Tomahawk da Kittyhawk. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya a shekarun yaƙin.

Ka ɗauka kana haɗa Hurricane guda daga cikinsu, a tsaye a filin Kano. Jirgin sabo ne, kwanaki kaɗan da fitowa daga akwati, don haka fentin jikinsa bai koɗe ba, robar tayarsa ma ba ta tsufa ba. Launin farko sai ya yi duhu fiye da na tsohon jirgi. Amma ƙasar da yake takawa tamu ce, mai ja-ja da ruwan ƙasa, kuma idan da rani ne a bushe take, gari ce, ba laka ba. Idan ka matsar da shi gaba zuwa Fashir, ƙurar ta koma launin rairayi mai haske. Idan kuwa shekara guda ta wuce yana yaƙi a hamadar Masar da Libiya, robar kanta ta koɗe, ƙurar kuma ta shige ko'ina. Jirgi ɗaya, tayoyi iri uku. Wannan shawarar ce za ta gaya maka allin da za ka ɗauka.

Alli na ce, domin shi ne kayan aikin da ya fi dacewa. Allin zane mai laushi, wanda ba na mai ba, ka goga shi a samfefa ya zama gari, ka haɗa ja da ruwan ƙasa da ɗan rawaya har ya yi kama da ƙasar da kake nufi. Akwai garin launi da ake sayarwa musamman don wannan aiki, amma bambancinsu kaɗan ne. Wani zai ce me ya hana a ɗebo ƙasar gaske. Lissafi ne ya hana. Ƙwayar rairayi mai kaurin kashi ɗaya cikin goma na milimita, idan aka ninka ta sau 48, ta zama tsakuwa mai kusan milimita 5. Ƙurar da ta isa laushi ita ce irin wadda hunturu ke saukewa a bakin taga, wadda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ita kam tana iya shiga cikin garin alli ta ba shi haske, idan an tankaɗe ta da ƙyalle mai laushi.

Inda ƙurar ke zama shi ne asirin. A kan busasshiyar ƙasa, tafin tayar ne ya fi ɗaukar launi, ya yi haske, kumatun su ɗauki kaɗan, ƙura kuma ta taru a lungun wili da kewayen rubutu. A kan kwalta ko kankare abin ya juya: titi yana goge saman tafin ya bar shi da tsabta, ƙurar ta maƙale a cikin ramukan zane kawai. A kan jiƙaƙƙiyar ciyawa tafin ne ya fi duhu. Don samun na farko, ka shafa garin a bushe da tsohon buroshi mai gajeren gashi, ka bi tafin, ka sassauta hannu kana gangarowa kumatu. Don samun na biyu, ka dama garin da ruwa ko tina, ka shafe tayar duka, ka bar ta ta bushe, sannan ka murza tafin a kan yatsa ko audugar goge kunne. Abin da ke sama zai tafi, na cikin rami ya zauna. Kada tayoyin biyu su fito iri ɗaya sak. Kuma ƙurar da ke taya dole a gan ta a ƙafar jirgi da cikin marufinta da ƙarƙashin fiffike inda taya ke watsa ta, in ba haka ba sai a ga kamar aro tayoyin aka yi daga wani jirgi.

Idan zane ne kake so ya fito ba tare da ƙura ba, kamar a jirgin zamani, sai ka tsinka baƙin fentin mai ko ruwan ƙasa mai duhu da tina, ka bar shi ya gangara cikin ramuka. A kiyaye doka guda: tinar da ke sama kada ta zama mai narkar da fentin da ke ƙasa. Fentin mai a kan busasshen akirilik ba matsala. Bayan haka ka ɗebi toka mai ɗan haske, ka goge buroshin a tishu har ya zama kamar babu komai a jikinsa, ka shafi tafin da rubutun gefe sama-sama. Sunayen Dunlop ko Goodyear ko Continental da ke jikin tayoyin zamanin yaƙi tudu ne na roba, launinsu ɗaya da tayar, don haka haske kaɗan ya ishe su.

Ƙananan alamu suna ƙara gaskiya idan hoto ya nuna su. A jiragen Ingila da wasu da dama, bakanike kan ja ɗan farin layi mai faɗin kimanin inci ɗaya daga leɓen wili ya hau roba. Idan birki ko dukan sauka ya sa tayar ta zame a kan wilin, rabin layin zai kauce wa ɗan'uwansa, a gane kafin bawul ɗin tiyub ya tsinke. A 1/48 faɗin layin rabin milimita ne, tsinin tsinken sakace ya isa ya ɗiga shi. Tayoyin zamani kuma suna da jan ɗigo a kumatu, wanda ake daidaita shi da bawul lokacin ɗaurawa.

Wasu kwalaye, musamman na manyan ma'aunai, sukan zo da tayoyin roba mai laushi a maimakon filastik. Suna burgewa a cikin kwali, amma ban ba su amana ba. Layin haɗinsu da wuyar gogewa, fenti ba ya kama su da kyau, suna tsagewa idan sun tsufa, kuma sinadarin da ke ba wasunsu laushi yakan ci filastik ɗin wili a hankali har ya narkar da shi. Zafi na hanzarta wannan, mu kuwa zafi ba baƙonmu ba ne. Idan akwai na rezin ka musanya. Idan babu, ka rufe wilin da fenti da fanish sosai ta yadda robar ba za ta taɓa tsurar filastik ba, ka kashe ƙyallinta da samfefa mai laushi, ka yi mata ado da garin alli kawai.

Fanish marar ƙyalli shi ne shafar ƙarshe, amma yana da hali: yakan haɗiye garin alli ya rage masa haske. Saboda haka ko dai ka fesa fanish tukuna ka sa ƙura daga baya, ko ka ƙara wata bayan ya bushe. Sabuwar roba tana da ɗan sheƙi a kumatu, kuma murzawa ɗaya da busasshen yatsa tana ba da shi.

Tayoyi su ne kusan ƙarshen abin da za ka manna. Ka kankare fenti daga kan gatari, ka yi amfani da gam mai jinkirin kamawa don ka samu damar juya su, ka tsayar da jirgin a kan gilashi ko tayil tun gam bai bushe ba. Ka sunkuya idonka ya yi daidai da teburin, ka haska tocila daga baya. Idan haske ya ratsa ƙarƙashin wata taya, bajajjen wurin bai zauna ba, sai ka juya ta har hasken ya toshe. Ka tallafe fukafukan da ƙananan kwalaye, ka bar jirgin ya kwana a haka kafin ka sake taɓa shi.